Tambaya da Amsa: Ina ruwan ƙasan teku da narkewar ƙanƙarar Antaktika?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare a Agege, Legas. Wani ɗalibina ne ya zo min da labarin da ya gani a waya, wai akwai wata ƙanƙara a Antaktika mai suna Thwaites da take narkewa ta ƙasa, wai ruwan ɗumi ne yake cin ta, kuma wai yanayin ƙasan teku ne yake jawo hakan. Abin ya ɗaure min kai. A wurin da sanyi yake kashe mutum ina aka samo ruwan ɗumi, kuma ina ruwan kwari da tudun ƙasan teku da ƙanƙarar da take can sama? Sannan mu abin da muke koyarwa shi ne ƙanƙarar da take yawo a kan ruwa in ta narke ba ta ƙara tsayin ruwan, to me ya sa ake ta tada hankali? Kuma mu nan Legas abin zai taɓa mu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma yi wa wannan ɗalibi albarka tunda bai tsaya a kan kanun labari ba ya kawo maka ya ce a yi masa bayani.

Bari in fara da abin da kuke koyarwa, daidai ne, kar ka canza shi. Ƙanƙarar da take yawo ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta, in ta narke kusan babu abin da za ta ƙara. Matsalar ita ce yawancin ƙanƙarar Antaktika ba yawo take ba, a zaune take a kan ƙasa. Antaktika nahiya ce mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 14, wato Najeriya sau 15, kuma a kanta akwai ƙanƙara da kaurinta a matsakaici ya kusa kilomita 2, wasu wuraren ya wuce kilomita 4. Da za ta narke gaba ɗaya teku zai tashi da kamar mita 58. Ita wannan ƙanƙarar ba a tsaye take cak ba, nauyinta yana sa ta malala a hankali zuwa bakin teku ta wasu hanyoyi da muke kira kogunan ƙanƙara, Thwaites ɗaya ne daga cikinsu, maƙwabcinsa Pine Island shi ma haka. In kogin ya iso teku ba nan take yake karyewa ba, ci gaba yake yana jan ciki a kan ƙasan teku har sai ya kai inda zurfin ruwa ya isa ya ɗaga shi, ƙanƙara mai kaurin mita 600 misali sai ruwa ya kai zurfin mita 535 ko kusa da haka kafin ta tashi. Daga nan sai ta zama shimfiɗa mai yawo amma har yanzu a manne take da uwar tata ta baya, sama iska, ƙasa ruwa. Wannan ita ce rumfar ƙanƙara, wurin da ta bar ƙasa ta fara yawo kuwa shi ne layin rabuwa. Ka riƙe wannan layin da kyau don duk maganar a kansa take.

To rumfar nan tana da aikin da take yi. Gefunanta suna gogar bangon dutse, cikinta yana dafe da wasu tuddai na ƙasan teku, saboda haka tana tare ƙanƙarar da take turowa daga baya. Ka san waigin da yaron mota yake sa wa tayar babbar mota in an tsaya a gangare, shi kansa ba wani nauyi ne da shi ba amma ka zare shi ka ga abin da zai biyo baya. An ga haka da ido a 2002 lokacin da rumfar Larsen B, wadda take can ɓangaren arewacin Antaktika, ta farfashe, murabba'in kilomita 3,250 ne, kusan girman jihar Legas, ta tarwatse cikin 'yan makonni. Farfashewar tata ba ta ɗaga teku ba, amma kogunan ƙanƙarar da take tarewa suka ƙara gudu, wasu har ninki takwas, kuma wannan ƙanƙarar da ta sauko daga tudu ita ce sabon kaya a cikin teku, ita take ƙara ruwa. Ita Larsen B galibi daga sama aka ci ta, iska ta yi ɗumi ruwa ya taru a kanta ya shiga tsaguwa ya faffasa ta. Thwaites da Pine Island kuwa can kudu suke sosai inda iska ba kasafai take narkar da komai ba, nasu ciwon ta ƙasa yake.

Yanzu ga maganar ruwan ɗumi. Ka cire tunanin ruwan wanka a ranka Malam, ruwan da muke magana a kai digiri 1 ne ko ɗan sama da haka, ka sa hannu a ciki minti ɗaya sai ka ji kamar an sare shi. Amma ɗumi da sanyi a nan da wurin daskarewa ake auna su. Ruwan teku saboda gishiri ba ya daskarewa sai ya kai kusan digiri 1.9 ƙasa da sifiri, kuma duk zurfin da ka yi matsin ruwa yana ƙara saukar da wannan ma'aunin, a mita 1,000 sai wajen 2.6 ƙasa da sifiri. Kenan ruwa mai digiri 1 in ya isa gindin ƙanƙara a wannan zurfin ya fi ƙarfinta da sama da digiri 3, kuma ruwa ba iska ba ne, zafin da tulin ruwa zai riƙe ya ninka na iska mai girmansa sau dubu uku da wani abu, ga shi kuma ba ya tsayawa, wani na tafiya wani na zuwa dare da rana, rani da damina. Akwai kuma wani abu da yake ƙara hura wutar, in ruwan ya narkar da ƙanƙara, narkakken ba shi da gishiri saboda haka ba shi da nauyi, sai ya bi cikin rumfar yana hawa sama yana fita, fitar da yake yi kuma tana janyo sabon ruwan ɗumi ta ƙasa ya maye gurbinsa. Narkewar da kanta take kiran abin da zai ƙara narkar da ita.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne ruwan ɗumin a ƙasa yake, mai sanyin a sama. Mun saba ganin mai zafi a sama, amma a tekun da yake dab da daskarewa gishiri ne yake yanke hukuncin nauyi ba zafi ba. Ruwan sama yana samun dusar ƙanƙara da narkakken ruwa, gishirinsa kaɗan ne, sai ya yi sauƙi ya zauna a sama ko da ya fi sanyi. A ƙarƙashinsa, daga 'yan ɗaruruwan mitoci zuwa ƙasa, akwai wani ruwa mai gishiri mai ɗan ɗumi da yake zagaye nahiyar gaba ɗaya, tsohon ruwa ne, wani ɓangarensa ma daga arewacin Atilantika ya taso ya yi ɗaruruwan shekaru a hanya. Ba jiya ya zo ba, tun tale-tale yana nan. Tambayar kawai ita ce zai samu hanyar da zai kai ga ƙanƙara ko ba zai samu ba, kuma a nan ne ƙasan teku ya shigo.

Kowace nahiya tana da wani dandamali a ƙarƙashin ruwa da ya kewaye ta kafin a faɗa ainihin zurfin teku. A mafi yawan duniya zurfin wannan dandamalin bai wuce mita 100 zuwa 200 ba, da haka na Antaktika yake da ruwan ɗumin nan ba zai iya hawowa ba, sai dai ya yi ta zagaye a waje. To na Antaktika ya kai wajen mita 500, saboda nauyin ƙanƙara ya danne ƙasar, kuma a zamanin babban sanyi, shekaru kamar 20,000 da suka wuce, kogunan ƙanƙara sun miƙe har bakin dandamalin suna kankare dutse, da suka ja baya sai suka bar manya-manyan kwazazzabai. Kuma abin da ya fi muni, kwazazzaban nan ƙara zurfi suke in kana nufar nahiya, ba in kana barinta ba. Ruwa mai nauyi kuwa gangare yake bi. Da zarar ya haye bakin dandamali ya faɗa kwazazzabo shikenan, hanya ta miƙe masa ɗaruruwan kilomitoci har gindin ƙanƙara. A 2019 jirgin binciken Amurka Nathaniel B. Palmer ya samu shiga gaban Thwaites saboda ƙanƙarar saman teku ta buɗe a wannan shekarar, suka auna ƙasa da na'urar amsa-kuwwa, sai ga hanyoyi masu zurfin da ya wuce mita 800, sun fi yadda tsofaffin taswirori suka nuna, kuma kai tsaye suke shiga ƙarƙashin rumfar.

Shi ya sa narkewar ba raba-daidai take yi ba ko kaɗan. Wani bincike da Eric Rignot da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna manyan rumfunan nan, Ross da Filchner da Ronne, waɗanda suka ɗauki kashi biyu cikin uku na faɗin duk rumfunan, kashi 15 cikin 100 kawai suke bayarwa na narkewar ƙasa, alhali wasu ƙanana guda goma a ɓangaren da yake fuskantar Fasifik, masu kashi 8 cikin 100 na faɗin, su suke ba da rabi. Ross ita kaɗai ta ɗan ɗara rabin Najeriya amma lafiyarta ƙalau in ka kwatanta. Dalili shi ne a gabanta iska mai tsananin sanyi tana daskarar da saman teku kullum, in ruwa ya daskare yana zubar da gishirinsa, sai a samu wani ruwa mai sanyi kuma mai gishiri sosai wanda ya fi ruwan ɗumin nauyi, ya sauka ya cika kwarin ya hana shi shiga. A tekun Amundsen, inda Thwaites da Pine Island suke zuba, babu wannan mai gadin, kuma babban igiyar ruwan da take zagaye nahiyar tana matsowa kusa da bakin dandamali a wajen. Narkewar ƙasan Ross a matsakaici ba ta kai mita 1 a shekara ba, a gindin Pine Island kuwa gomman mitoci ake lissafawa.

Misalin da ya fi burge ni a wannan fannin ma ba a Antaktika yake ba, a arewacin Girinlan yake, wato ƙaton tsibirin ƙanƙarar nan da yake can arewacin duniya. Akwai kogunan ƙanƙara biyu da ba su da nisa da juna, Petermann da Ryder, duk suna da harshe mai yawo, wato rumfa, duk ruwan ɗumin Atilantika yana wucewa ta ƙofarsu. Petermann ya zubar da manyan gutsattsari a 2010 da 2012, Ryder kuwa ya daɗe bai wani motsa ba. A 2019 jirgin fasa ƙanƙara na Suwidin mai suna Oden ya shiga mashigar Ryder, wurin da ba a taɓa auna ƙasansa ba, sai suka tarar da wani tudu a kwance a gaban ƙanƙarar ya tare yawancin ruwan ɗumin. Teku ɗaya, sama ɗaya, bambancin tudu ne da ba wanda ya san da shi kafin wannan shekarar.

Wannan aiki na farko kenan, ƙasan teku a matsayin hanyar ruwa. Aiki na biyu ya fi shi nauyi a ganina, wato ƙasan teku a matsayin mazaunin ƙanƙarar kanta.

Ka ɗauki Pine Island. A 2009 masanan Birtaniya ƙarƙashin Adrian Jenkins suka tura wani jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi, Autosub3, ya shiga can cikin duhun rumfar, ya dawo da labarin da ba a zata ba, akwai wani dogon tudu a gicciye a ƙarƙashinta, kuma alamu sun nuna a da ƙanƙarar a kan wannan tudun take zaune. Daga baya aka huda rumfar aka ɗebo laka daga kan tudun, James Smith da abokansa suka karanta tarihin da yake cikin lakar suka buga a 2017, ruwa ya fara kutsawa bayan tudun ne wajen 1945, bayan wani babban El Nino, wato ɗumamar saman teku da take sauya tafiyar iska, da aka yi daga 1939 zuwa 1942 can a tsakiyar Fasifik, zuwa wajen 1970 kuma ƙanƙarar ta saki tudun gaba ɗaya. Tun daga nan ba ta dawo ba, duk da an yi shekarun sanyi a tsakani. Daga 1992 zuwa 2011 kaɗai layin rabuwarta ya ja baya da kamar kilomita 31, kuma gudunta ya kai kilomita 4 a shekara.

Me ya hana ta dawowa? Saboda bayan tudun gangare ne zuwa cikin nahiya. Yawancin ƙanƙarar yammacin Antaktika a cikin wani ƙaton kwari take zaune wanda yake ƙasa da matakin teku, wasu wuraren da fiye da mita 2,000. In layin rabuwa ya ja baya taku ɗaya a irin wannan ƙasar, ya koma wuri mafi zurfi, inda ƙanƙarar ta fi kauri, kuma yawan ƙanƙarar da take fita ta layin yana ƙaruwa sosai da kaurinta, to ƙarin fita yana sa ta ƙara sirancewa, sirancewa tana sa ruwa ya ƙara ɗaga ta, layin ya sake ja baya zuwa inda ya ƙara zurfi, haka dai har sai ta ci karo da wani tudun da zai riƙe ta, in akwai. Da a ce ƙasar hawa take yi zuwa ciki, ja da baya da kansa zai tsayar da kansa. Wannan lissafin ba sabo ba ne, Johannes Weertman ya rubuta shi a 1974, John Mercer kuma a 1978 ya fito ƙarara ya ce ɗumamar da hayaƙin man fetur da gawayi yake jawowa za ta iya kwance ƙanƙarar yammacin Antaktika, a lokacin mutane da yawa suna ganin ya yi azarɓaɓi. Yau tauraron ɗan'adam yana nuna abin yana faruwa a daidai irin wurin da aka ji wa tsoro.

Shi Thwaites abin da ya sa ake kiran sunansa fiye da kowa, bakinsa yana da faɗin kilomita kusan 120, ba kunkuntar mashiga ba ce da bango zai riƙe shi, yankin da yake kwasowa ya kai murabba'in kilomita 192,000, kuma bayansa wancan kwarin ne kai tsaye. Yanzu haka shi kaɗai yana ba da kamar kashi 4 cikin 100 na tashin tekun duniya a kowace shekara. In ya tafi duka santimita 65 ne, in ya ja maƙwabtansa kuma ana maganar sama da mita 3. Shi ya sa Amurka da Birtaniya suka haɗa kai a 2018 suka kafa babban aikin bincike a kansa.

A cikin wannan aikin ne a Janairun 2020 aka yi abin da har yanzu nake jinjina wa. Mutane suka kafa tanti a kan rumfar gabashin Thwaites, suka narkar da dusar ƙanƙara suka zafafa ta sosai, suka yi amfani da ruwan zafin suka huda rami mai zurfin kusan mita 600 wanda faɗinsa bai wuce na bokiti ba, kuma dole a yi sauri don ramin daskarewa yake yana tsukewa. Ta nan suka zura wata doguwar siririyar na'ura mai kyamara, Icefin, ta tawagar Britney Schmidt, ta yi iyo har inda ƙanƙara da ƙasa suka haɗu. Ruwan wajen ya ɗara ma'aunin daskarewa da kusan digiri 2. Amma da sakamakon ya fito a 2023 sai ya zo da abu biyu. A inda cikin rumfar yake shimfiɗe sumul narkewar mita 2 zuwa 5 ce a shekara, ƙasa da yadda kwamfuta ta yi hasashe, saboda wani siririn ruwa mai sanyi mara gishiri sosai ya kwanta a jikin ƙanƙarar ya raba ta da mai ɗumin. A inda kuwa akwai tsaguwa ko wasu hawa-hawa kamar matakala, ruwan yana cin bangon a gefe da sauri ƙwarai, wato yana buɗe raunin da dama yake akwai. Kuma duk da narkewar ba ta kai yadda aka zata ba layin rabuwar bai fasa ja da baya ba, ni wannan ne ya fi tayar min da hankali, don yana nuna ba sai an yi wani gagarumin zafi ba kafin ƙanƙarar da take zaune a mummunan wuri ta kwance.

Akwai kuma abin da wata na'urar, Ran ta Jami'ar Gothenburg, ta ɗauko a 2019 a kan wani tudu mai zurfin mita 700 a gaban Thwaites. Hoton ya nuna layuka sama da 160 a jere a kan laka kamar haƙarƙari, kowane layi sawun ƙanƙarar ne, ruwa ya cika ya ɗaga ta, ya janye ta sake dira ta matse laka, kullum sawu ɗaya. Da Alastair Graham da abokansa suka auna tazarar da take tsakaninsu sai lissafi ya ba da cewa a wani lokaci cikin shekaru 200 da suka wuce, cikin ƙasa da wata shida, ƙanƙarar tana ja da baya da gudun kilomita 2.1 a shekara, ninki biyu na abin da tauraron ɗan'adam ya gani daga 2011 zuwa 2019. Ma'ana in ta saki tudu ba a hankali take tafiya ba, zabura take yi. Ita Ran ɗin a farkon 2024 ta shiga ƙarƙashin rumfar Dotson da take yamma da Thwaites ba ta fito ba.

Wannan ya kawo mu ga inda gizo yake saƙa. Auna ƙasan da yake ƙarƙashin rumfa wahala gare shi matuƙa. Na'urar rada daga jirgin sama tana ratsa ƙanƙara ta nuna dutsen da yake ƙasa in a kan tudu take, amma da ta taɓa ruwan gishiri ta tsaya. Jirgin ruwa ba ya shiga. Sai dai a auna 'yan bambance-bambancen ƙarfin jan ƙasa daga sama a yi kirdado, ko a tura na'ura mai tsada a yi ta addu'a ta dawo. Ko tekun duniya gaba ɗaya, wanda aka auna ƙasansa da kyau bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ba. To in taswirarka ta ɓoye tudu ɗaya ko ta rage zurfin kwazazzabo da mita 100, kwamfuta za ta ba ka wata amsa daban a kan shekarar da ƙanƙara za ta saki. Taswirar BedMachine da Mathieu Morlighem ya jagoranta a 2019 ta gano kwarin da yake ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Denman ya kai mita 3,500 ƙasa da matakin teku, babu wuri mai zurfinsa a kan wata nahiya, kuma a gabashin Antaktika yake, ɓangaren da aka daɗe ana cewa ba ruwansa. Kogin ƙanƙara na Totten ma can gabas yake, ƙanƙarar da take bayansa ta kai ta ɗaga teku da sama da mita 3, kuma masanan Ostireliya sun tarar da ruwan ɗumi yana shiga ƙarƙashinsa ta wani kwazazzabo.

Adalci ne in faɗi abubuwan da suke ɗan rage zafin labarin. Yawan ruwan ɗumin da yake hayewa dandamali yana hawa yana sauka da iska, a 2012 bayan wani La Nina mai ƙarfi, wato kishiyar El Nino inda saman Fasifik yake yin sanyi, narkewar ƙasan Pine Island ta ragu da kusan rabi in aka kwatanta da 2010. Sannan ƙasar yankin Amundsen da kanta tana tasowa da kamar santimita 4 a shekara saboda nauyin da aka sauke mata, wannan zai iya ɗan rage zurfin. Amma kar a dogara da su, binciken Kaitlin Naughten na 2023 ya nuna ruwan tekun Amundsen zai ci gaba da ɗumama a wannan ƙarnin da saurin da ya ninka na baya kusan sau uku ko da duniya ta cika alƙawarin rage hayaƙi. Rage hayaƙin bai zama aikin banza ba, shi zai tsare gabashin nahiyar inda mafi yawan ƙanƙarar take, kuma tekun duniya shi ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da muka tara. Abin da ba na so shi ne masu kanun labarin da suke sa wa abin rana, a 2021 masana sun ce rumfar gabashin Thwaites za ta iya farfashewa cikin 'yan shekaru, sai aka juya maganar ta koma wai teku zai cinye birane nan da shekara biyar. Rumfa daban, kogin da yake bayanta daban, shi kogin tafiyarsa gaba ɗaya maganar ƙarnoni ce, sai dai in ya kama hanya babu wanda ya san yadda ake juyo da shi.

Legas kuwa e, zai taɓa ku, nisa ba ya kare kowa a nan. Hasali ma in Antaktika ta rasa ƙanƙara ƙarfin da take jan ruwa da shi zuwa gefenta yana raguwa, sai teku ya sauka a kusa da ita ya fi tashi a wurare masu nisa. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya tashi da kamar santimita 20, kuma saurin ya ƙaru zuwa milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018, wannan ya haɗa da kumburin ruwa saboda zafi da narkewar Girinlan da ƙanƙarar duwatsu, ba Antaktika kaɗai ba. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce zuwa 2100 za a iya samun ƙarin santimita 28 zuwa 55 in an rage hayaƙi sosai, ko santimita 63 zuwa mita 1 in ba a rage ba, kuma ya ce ba za a iya kore kusan mita 2 ba, wannan kokwanton na ƙarshe galibi daga Antaktika ya fito, daga waɗannan tuddai da kwazazzaban da muka yi ta magana.

Ku a Agege kuna kan ɗan tudu, ba wai igiyar teku za ta buga ƙofar ajinka ba. Amma rabin mita a garin da kwatocinsa suke zuba cikin lagun, wato tafkin da yake haɗe da teku, ba ƙaramin abu ba ne, ruwan sama ya sauko ya tarar da teku a cike ba shi da inda zai je sai ya koma unguwa, rijiyoyin bakin gaɓa su yi gishiri, Lekki da Victoria Island da tashar Apapa da kayan Arewa suke bi su ƙara shan ambaliya. Ayetoro a jihar Ondo da Keta a Ghana tuni teku ya cinye musu gidaje. Ka kuma gaya wa ɗalibanka cewa a Legas abin ta fuska biyu yake zuwa, teku yana hawa, ƙasar kuma a wasu unguwanni tana nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙasa ta burtsatse da gini a kan fadamar da aka cike da yashi, kuma wannan na biyun hukumomin jihar suna da ikon taka masa birki tun yanzu ba sai an jira taron ƙasashen duniya ba.